Sharhi: Jami'ar Bayero da Alƙawarin Ci Gaba Mai Ɗorewa, Ina Rabon Mutanen Karkara?

A 'yan shekarun nan da wuya a yi wani babban taro a jami'o'in ƙasar nan a tashi ba a ambaci "ci gaba mai ɗorewa" ba. Shugabannin jami'o'i suna faɗa a jawaban yaye ɗalibai, malamai suna rubutawa a takardunsu, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje kuma sun mai da shi sharaɗin ba da tallafi. Manomin da ya ji wannan magana a rediyo daga Kunci ko Makoɗa zai iya ɗauka wani sabon yare ne na 'yan boko da bai shafe shi ba. Muna ganin ya shafe shi fiye da kowa, shi ya sa muka ga ya dace mu yi nazarin abin da babbar jami'ar da ke jiharmu, wato Jami'ar Bayero, ta yi a wannan fanni, da kuma abin da ya rage kafin amfaninsa ya iso gonaki da ƙauyuka.

Ma'anar maganar ba ta da wuyar fahimta. A shekarar 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, ya bayyana cewa ci gaba na gari shi ne wanda zai biya bukatar mutanen yau ba tare da ya tauye wa na baya hanyar biyan tasu ba. A shekarar 2015 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince da muradai 17 da ake son cim ma kafin shekarar 2030, waɗanda suka ƙunshi yaƙi da yunwa, samar da tsabtataccen ruwa da makamashi, da kare ƙasa daga zaizaya da hamada. Duk magidancin da ya hana iyalinsa taɓa damin iri ko da yunwa ta matsa a watan Agusta, ya riga ya san wannan darasi tun kafin a rubuta shi a takarda.

Jami'ar Bayero ta faro ne a shekarar 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, sannan ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Sabon mazauninta da ke kan hanyar Gwarzo yana zaune ne a tsakiyar ƙauyukan manoma, ƙasar da ke cikin harabarta irin ƙasar gonakinsu ce, ruwan da ke sauka a kanta shi ne ke sauka a kan gero da dawarsu. Duk da cewa jami'a ce ta Gwamnatin Tarayya, mutanen Jihar Kano ne maƙwabtanta na kusa, kuma maƙwabci yana da haƙƙin ya tambayi abin da ake dafawa idan ƙanshi ya iso gidansa. Za mu duba abubuwa uku: wutar lantarki, binciken noma, da itatuwa.

Wutar hasken rana

A watan Satumba na shekarar 2019, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tashar wutar lantarki mai aiki da hasken rana a sabon mazaunin jami'ar. Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta Tarayya ce ta gudanar da aikin, a cikin wani shiri da aka tsara domin jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7. An bayyana ƙarfin tashar da megawat 7.1, adadin da ya haɗa farantan sola da batura da kuma injinan dizal na ko-ta-kwana, kuma a lokacin an ce babu irinta a nahiyar Afirka a cikin tashoshin da ba su jingina da babban layin wuta na ƙasa ba. Tare da ita an kafa fitilun kan hanya na tsawon fiye da kilomita 11, an gina wurin koyar da sana'ar, an kuma horar da wasu ɗalibai mata a lokacin da ake aikin.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa wannan aiki ba kyauta ba ce daga wata ƙasa. Wani ɓangare na kuɗin shirin ya fito ne daga takardun lamuni na kare muhalli da Gwamnatin Tarayya ta sayar a watan Disamba na 2017, na naira biliyan 10.69. Ma'ana dai bashi ne da aka ci da sunan 'yan ƙasa, kuma dukiyar jama'a ce ke biyansa. Saboda haka talaka yana da ikon ya sa ido a kansa.

Abubuwan da suka biyo baya sun nuna hikimar neman wuta daga rana. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar da ke kula da farashin lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama a ƙasar nan sun fito fili sun koka cewa kuɗin wuta na neman durƙusar da su. Manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, da na gefen madatsar Watari a Bagwai, su ma sun ji a jikinsu, domin injin ban-ruwa da fetur yake sha. Matsalar da ke damun magatakardar jami'a ita ce ke damun mai lambun tumatir, bambancin kawai girman takardar biyan kuɗi.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Kafa tashar sola abu ne na wata goma sha biyu, riƙe ta kuwa aiki ne na shekara ashirin. Ƙurar hunturu tana rufe farantai ta rage musu ƙarfi, don haka dole a riƙa wanke su, wanki kuma yana bukatar ruwa da ma'aikata. Zafin bazara yana rage wa batura kwana, kuma batir shi ne mafi tsada a cikin kayan. Na'urar da ke juya wutar faranti ta zama wutar gida takan ƙone, idan babu wanda ya iya gyaranta a kusa, sai a zauna jiran ɗan kwangila. Duk wanda ya zagaya ƙauyukanmu ya ga rijiyoyin burtsatse masu sola da aka buɗe da kiɗa da tafi, yau tankinsu ya bushe saboda ƙaramin abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Ya ga fitilun kan titi da suka haska shekara ɗaya suka koma sandunan ɗaure awaki. Ciwon iri ɗaya ne, ko a jami'a ko a ƙauye: ana ware kuɗin gini, ba a ware kuɗin kulawa.

Don haka ma'aunin da za mu auna jami'a da shi a wannan fanni bai tsaya ga girman tashar ba. Muna so mu ga an ware kuɗin gyara da sauya batura a kasafin kowace shekara, an kuma riƙa bayyana wa jama'a adadin wutar da tashar ke bayarwa. Fiye da haka, muna so wurin koyar da sana'ar da aka gina ya buɗe ƙofa ga matasan karkara. Idan kowace ƙaramar hukuma daga cikin 44 da muke da su ta sami ko da matasa biyu da suka ƙware a gyaran famfon sola, da yawan rijiyoyin da suka mutu za su tashi, matasan kuma sun sami abin yi a garuruwansu.

Binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa

Abu na biyu shi ne Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna, wadda jami'ar ta kafa a shekarar 2012 da tallafin Gidauniyar MacArthur ta Amurka. A 2014 cibiyar ta shiga sahun cibiyoyin da Bankin Duniya ya zaɓa ya tallafa wa a matsayin zakarun bincike a Afirka. Tana horar da ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka, tana da gonar gwaji da ɗakunan binciken ƙasa da tsirrai, tana kuma aiki tare da cibiyoyin binciken noma na duniya irin su IITA da ICRISAT, waɗanda dukkansu suna da ofisoshi a Kano.

Dalilin kafa irin wannan cibiya a nan a bayyane yake. Daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara kuma rani ne. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka ƙare, magidanta suka bar gida neman abinci. Yanzu kuma matsalar ta ƙara sarƙewa: ruwa kan yi jinkiri, ya sauko, ya ɗauke na makonni bayan an yi shuka, sannan ya dawo da ƙarfin da zai ci gona da gida, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa maƙwabtanmu na Jigawa. Jama'a na ƙaruwa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne suka raba, babu sauran filin da za a bari ya huta. Wuta-wuta, wadda alama ce ta gajiyar ƙasa, ta mamaye gonakin dawa da yawa. Takin zamani kuma ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai dai ya sayi mudu-mudu.

Masana suna da amsoshin wasu daga cikin waɗannan matsaloli. Akwai irin masara da gero da wake masu nuna da wuri, waɗanda kan tsere wa ɗaukewar ruwa. Akwai dabarar binne ɗan taki kaɗan a gindin shuka a maimakon watsa shi a sarari rana ta ƙone. Akwai karɓa-karɓa tsakanin hatsi da wake ko waken suya ko gyaɗa, wadda ke mayar wa ƙasa ƙarfi ta kuma rage wuta-wuta. Akwai gwajin ƙasa, wanda ke gaya wa manomi abin da gonarsa ta rasa don kada ya ɓata kuɗi a kan takin da ba ta bukata. Akwai ban-ruwa na ɗigo, da buhu mai hawa uku da ke kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba guba ba. Tambayar ita ce, manoma nawa ne a Tsanyawa ko Ɗambatta suka taɓa ganin waɗannan abubuwa da idonsu?

Tsakanin ɗakin bincike da gona akwai gada, gadar nan kuwa ita ce malamin gona. A shekarun da hukumar KNARDA ke tashen ƙarfinta, manoma sun saba ganin malamin gona a kan babur yana bin ƙauyuka, yana kafa gonar gwaji a bakin hanya. Ba aikin farfesa ba ne ya bi ƙauyuka dubu, kuma ba zai iya ba ko da ya so. Aikin sassan gona na ƙananan hukumomi ne da hukumomin jiha su je su ɗebo ilimin su kai shi inda ake bukata. Idan wannan gada ta karye, komai kyawun binciken da aka yi zai ƙare ne a kan kanta, masu jarrabawa su karanta, ƙura ta rufe.

Haka kuma muna roƙon masu binciken da su riƙa fito da sakamakonsu da Hausa. Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin harsunan Nijeriya da cibiyar bincike kan harsuna da fassara da suka daɗe suna hidima, tana da tsangayar koyar da aikin jarida. Bai kamata a ce jami'ar da ke da irin waɗannan ƙwararru ta bar sakamakon binciken gero a cikin Turanci ba, alhali mai noman geron da Hausa yake mafarki.

Itatuwa da darasin da manoma suka koyar

Abu na uku ya fi daɗewa, kuma a nan ilimi daga gona ya taso ya shiga jami'a. Marigayi Farfesa Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, sannan a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. A lokacin da masana da yawa a Turai ke cewa yawan jama'a ne ke jawo hamada, shi ya nuna cewa a ƙasar Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, manoma sun riƙe gonakinsu shekara da shekaru ba su mutu ba. Sirrin shi ne takin gargajiya da ake kaiwa gona da jakuna, kiwon awaki da tumaki a gida, haɗa hatsi da wake, da kuma barin itatuwa a cikin gona. Wani bincike kan itacen girki a Kano da malaman sashen labarin ƙasa na jami'ar suka yi a shekarun 1980 ya gano cewa manoman kusa da birni ba su ƙarar da itatuwansu ba, domin suna da masu su. Yawancin itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi, inda babu mai cewa nawa ne.

Wannan darasi yana da nauyi ga masu riƙe da ragamar jama'a. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani, ba gwamnati ce ta dasa shi ba. Ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya da aduwa sun rayu ne saboda suna ba da kalwa, miya, kunu da kuɗin kashewa, kuma kowa ya san gonar wane suke. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun tabbatar da haka. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi dabarar barin tohon kututture a lokacin sassabe, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rene su, kuma da aka sakar musu ikon cin moriyar itatuwan, sai aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 na gonaki ba tare da an sayi tsiro ko an yi ban-ruwa ba.

Mu kuma mun daɗe muna bikin dashen itatuwa kowace damina. An kafa shingayen darbejiya da turare a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wasu suna nan, wasu gatari ya cinye. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, a 2015 Nijeriya ta kafa hukumar da za ta gudanar da shi a jihohi 11 na bakin hamada, Kano na cikinsu. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na shirin ACReSAL domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi da shirye-shirye ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙidayar tsiron da ya rayu bayan rani na farko. A nan jami'a za ta iya yin babbar hidima, domin tana da masana da ke iya auna yawan itatuwa da hotunan tauraron ɗan'adam, tana da ɗalibai da za su iya shiga ƙauyuka su ƙirga, kuma ba ta da dalilin ƙara gishiri a cikin alƙaluma.

Dole kuma a faɗi gaskiya cewa yanayin da Mortimore ya gani ya fara sauyawa. Birni yana cin gonakin Ungogo, Kumbotso da Gezawa. Sharar birni da a da ake kaiwa gona a matsayin taki yau cike take da leda, wadda ke hana ruwa shiga ƙasa, ta kuma kashe dabba idan ta haɗiya. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi, manyan motoci na shigowa da shi dare da rana. Ba za a hana uwar gida girki ba, don haka wa'azi kaɗai ba zai tsayar da gatari ba, sai an sama mata murhu mai cin itace kaɗan a farashin da za ta iya saye. Ƙera irin wannan murhu da kayan gida, tare da maƙeranmu da maginan tukwane, aiki ne da ya dace da tsangayar injiniya.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga hukumar jami'a, muna yaba abin da aka kafa, muna kuma tunatar da ita cewa alƙawarin ɗorewa ana cika shi ne bayan 'yan jarida sun tafi. A kula da abin da aka gina, a buɗe ƙofa ga maƙwabta, a yi magana da harshen da suke ji.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli da shugabannin sassan gona da ayyuka, muna ba da shawarar kada a jira sai jami'a ta aiko da takardar gayyata. A rubuta mata, a nemi a kafa gonar gwaji a yankinku, a ɗauki nauyin matasa su je su koyi gyaran sola. Duk lokacin da za a ba da kwangilar rijiya ko fitila, a tabbata an rubuta wanda zai kula da ita da inda kuɗin kulawar zai fito, a kuma kafa kwamitin masu amfana tun kafin a haƙa rami.

Ga iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, ku ne kuka san iyakar kowace gona da burtali da makiyaya. Idan kuka tsaya a kan cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, babu mai sare shi sai da izninsa, to rabin aikin ya ƙare. Malamanmu kuma su ci gaba da tunatar da jama'a a masallatai da makarantu cewa dasa itace sadaka ce mai gudana, ɓarnar ruwa kuwa abin ƙi ce ko da a bakin kogi.

Ga 'yan'uwanmu manoma da makiyaya, a daure a gwada sabon iri ko sabuwar dabara a kan kunya biyar ko goma kafin a yanke hukunci, a bar toho biyu ko uku a lokacin sharar gona, a tsince leda daga taki kafin a kai shi. Idan aka kafa kwamitin rijiya, a riƙa ba da ɗan abin da aka yanka, domin rijiyar da kowa ke sha amma babu mai ita, ita ce ke fara kafewa.

Shekarar 2030 da duniya ta ɗibar wa kanta ta ƙarato, amma mu ba don cika alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya muke wannan kira ba. Muna yi ne domin yaron da aka haifa bana a Bici ko Gabasawa ya tarar da gonar da za ta ciyar da shi, da rijiyar da zai sha, da inuwar da zai zauna. Jami'a ta ɗauki gefe ɗaya na kayan, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.